Sikelin Da Ke Awon Ƙwayar Cuta: Ina Rabon Mutanen Zurmi?

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk wanda ya taɓa kwana zaune a gefen gadon yaro mai zazzaɓi a wani ɗan asibitin karkara na ƙasar Zurmi, ko Shinkafi, ko Ƙauran Namoda, ba ya bukatar a fassara masa wannan karin magana. Jikin yaro ya yi zafi kamar garwashi, uwa ta zuba wa ma'aikacin lafiya ido, shi kuwa ma'aikacin ba shi da abin dubawa sai tafin hannunsa da ɗan gwajin zazzaɓin cizon sauro, in ma an yi sa'a akwai shi. Idan gwajin ya nuna ba cizon sauro ba ne, to an shiga lalube ke nan. Ko ƙyanda ce ba ta kai ga fesowa ba, ko shawara ce, ko kuwa sanƙarau ne ke tafe, Allah kaɗai Ya sani. Sai a ba da maganin da ke hannu, a koma ga addu'a. Mu da muka fito daga wannan yanki mun sha ganin haka a lokutan hutu, kuma ba mu ga laifin ma'aikatan ba, domin iyakar abin da aka damƙa musu ke nan.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke tsakaninmu a ɗakin kwana, bayan mun ji labarin wata na'ura mitsitsiya wadda masana suka ƙera, wadda ke iya jin nauyin ƙwayar cuta guda ɗaya tak. Wasu daga cikinmu suka ce ai wahalar asibitocinmu ta zo ƙarshe. Wasu kuma suka yi tsaki, suka ce wannan zancen ƙosassu ne, mutanen da ba su da wutar lantarki ina su ina sikelin ƙwayar cuta? Muna ganin kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki wani, don haka muka ga ya dace mu baje maganar a faifai domin 'yan'uwa ɗalibai da yayyenmu ma'aikata su yi alƙalanci.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki, don kada a ɗauka tsafi ne. Kowannenmu ya yi wasan rula a firamare. Ka danne kanta ɗaya a bakin tebur, ka ja ɗaya kan ka saki, sai ta dinga karkarwa tana ƙara. In ka manna ɗan ƙullin laka a bakinta ka sake ja, sai ka ji ƙarar ta yi kauri, domin nauyin da ya ƙaru ya rage saurin karkarwar. To, asirin ke nan gaba ɗaya. Masana sun sassaƙa irin wannan rula daga silikon, watau ma'adinin da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi, amma ƙanƙantarta ta kai sai an jera fiye da goma a tsaye kafin su cika kaurin silin gashi ɗaya. Wannan ɗan harshe yana karkarwa sau dubban ɗaruruwa, har zuwa miliyoyi, a cikin daƙiƙa ɗaya, ana kuma ƙidaya karkarwar da hasken leza ko da lantarki. Da zarar wani abu ya sauka a kansa, kome rashin nauyinsa, sai ƙidayar ta ragu, daga yawan raguwar kuma a lissafa nauyin baƙon.

Sai dai sikeli bai san gero ba, bai san tsakuwa ba, nauyi kawai yake faɗi. Domin a sa harshen ya riƙa zaɓe, akan shafe shi da irin sinadaran garkuwa da jikin ɗan Adam ke ƙerawa idan cuta ta shige shi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai yana da irin ƙwayar cutar da yake cafkewa, kamar kwaɗo da ɗan makullinsa. Idan an shafa na ƙyanda, ƙwayar ƙyanda ce za ta maƙale, sauran su wuce. Ana iya jera harsuna da yawa a kan ɗan allo ɗaya wanda bai kai farce ba, kowanne da tasa shafar, ta yadda ɗigon jini ko majina guda zai amsa tambayoyi da yawa a lokaci ɗaya. Kada kuma mai karatu ya ɗauka irin waɗannan na'urori baƙi ne a gare shi. 'Yar'uwarsu tana cikin wayar da ke aljihunsa, ita ce ke jin an karkata wayar har hoton ya juya.

Wannan ilmi yana da tarihinsa. Tun a 1959 wani Bajamushe mai suna Günter Sauerbrey ya nuna cewa ƙanƙarar dutsen kwaz, irin wadda ke bugawa a cikin agogon hannu, takan rage saurin karkarwa daidai da nauyin abin da ya kwanta a kanta. A 2004 kuma, a Jami'ar Purdue ta Amurka, Rashid Bashir da abokan aikinsa Amit Gupta da Demir Akin suka ba da labarin sun auna ƙwayar bairos guda ɗaya a kan harshen silikon, suka sami nauyinta wajen femtogiram 9.5. Don a gane ƙanƙantar wannan, a raba giram ɗaya gida miliyan dubu, a sake raba kashi ɗaya gida miliyan, abin da ya fito shi ne femtogiram. A cikin shekarar dai, su Harold Craighead na Jami'ar Cornell suka yi amfani da harsuna masu shafar garkuwa suka kama wata ƙwayar bairos mai kama ƙwari. A 2018 wasu masana a birnin Girenobul na Faransa suka auna ɓawon wata bairos mai cin bakteriya da irin wannan dabara. Ashe maganar ta wuce mafarki, an yi an gani.

To, mene ne ruwan mutumin Zurmi da wannan? Amsar tana cikin abin da ya same mu a ƙarshen 2016. A ƙaramar hukumar Zurmi ce aka fara ganin annobar sanƙarau wadda ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kabi da Neja da sauran jihohi, har kafin ta lafa a tsakiyar 2017 an ƙidaya fiye da mutum 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma suka riga mu gidan gaskiya, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha asara. Mun sani sarai sanƙarau irin wannan bakteriya ce ke kawo shi, ba bairos ba, amma darasin ɗaya ne. Tun daga 2011 an yi ta yi wa mutanen arewa allurar MenAfriVac, wadda ke kare mutum daga nau'in da ake kira A. Wanda ya zo mana a wannan karo nau'in C ne, wanda waccan allura ba ta taɓa shi. Rumbun alluran gaggawa na duniya kuwa ba ya sakin allura sai an tabbatar masa da nau'in ƙwayar ta hanyar gwaji. Gwajin yana bukatar a ɗebi ruwan laka daga bayan majinyaci, a adana shi yadda ba zai lalace ba, a kai shi inda ake da kayan aiki, kuma kaɗan ƙwarai ne daga cikin majinyatan aka yi wa haka. Sai a farkon Afrilun 2017 aka fara babban gangamin allura a Zamfara, watanni bayan an fara binne mutane. Kowane mako da aka ɓata ana jiran a san sunan cutar, gidaje ne suka biya shi da 'ya'yansu.

Ga kuma misalin da ya shafi bairos kai tsaye, watau shan inna. Ƙa'idar aikin ita ce, idan aka sami yaro ƙafarsa ta saki farat ɗaya, sai a ɗebi bayan gidansa sau biyu, da tazarar aƙalla yini guda, cikin kwana 14 da fara ciwon, a sa a akwatin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin kwana uku. Ɗakunan gwajin da ƙasar nan ta daɗe tana dogara da su don wannan aiki suna Ibadan da Maiduguri. Mai karatu ya dubi taswira ya ga inda Shinkafi take, ya ga inda waɗannan birane suke. Ya kuma tuna halin da hanyoyinmu suke ciki, tun daga Gusau zuwa Ƙaura, daga Ƙaura zuwa Shinkafi ko Zurmi, inda 'yan bindiga suka mai da tafiya ta zama sai da shahada. Ya tuna Satumbar 2021 da aka katse layukan waya a duk faɗin jihar, aka rufe kasuwanni. An tabbatar a ranar 25 ga Agusta, 2020 cewa Afirka ta rabu da shan inna na asali, abin alfahari ne ƙwarai, amma nau'in da ke rikiɗowa a wuraren da rigakafi ya yi ƙaranci ya ci gaba da ɓulla a jihohin arewa maso yamma bayan wannan sanarwa, har da tamu. Kowane akwatin ƙanƙara da ya narke a hanya, yaro ne da ba a san abin da ya kwantar da shi ba.

Wannan shi ne dalilin da ya sa muke cewa na'urar da za ta kawo ɗakin gwaji kusa da gadon majinyaci ta fi amfani ga Zurmi fiye da garin da aka ƙera ta. Baturen da ke zaune tafiyar minti goma daga babban asibiti, sauƙi kawai za ta ƙara masa. Mu kuwa rai za ta ceta mana. Gwajin PCR, wanda shi ne abin dogaro a yau wajen gano bairos, yana bukatar sinadarai masu tsada da firji da wutar da ba ta ɗaukewa da ƙwararren ma'aikaci. Abin da masu wannan bincike ke hange shi ne ɗan allo mai aiki da batir, wanda zai ba da amsa kafin majinyaci ya tashi daga benci.

Amma fa kada doki ya ɗebe mu, mu ɗaura wa 'yan'uwanmu aure da amaryar da ba ta iso ba. Fiye da shekara ashirin ke nan da awon Purdue, har yau wannan sikeli bai zama kayan aikin yau da kullum a asibiti ba, ko a ƙasashen da suka ƙera shi. Dalilan kuwa a fili suke. Na ɗaya, wancan awo a cikin iska aka yi shi, alhali jini da majina ruwa ne, kuma duk wanda ya gwada kaɗa rula a cikin bokitin ruwa ya san yadda karkarwar ke mutuwa nan take. A 2007 su Scott Manalis na MIT sun kewaye wannan matsala da wata hikima, suka huda 'yar hanya a cikin harshen kansa, ruwan ya bi ta ciki, harshen kuma ya yi karkarwarsa a wurin da aka zuƙe iska, sai dai hakan ya ƙara wa na'urar wuyar ƙira. Na biyu, jini cike yake da tarkace iri-iri masu manne wa duk abin da suka samu, kuma ko wanne ya manne sai sikeli ya ce ya ji nauyi. Na uku, a farkon ciwo ƙwayoyin ba su da yawa, sai an daɗe kafin guda ta yi karo da harshen da ido ba ya gani. Na huɗu, bairos ɗin da aka auna a Purdue ƙatuwa ce a cikin danginta, ta shan inna ta fi ta rashin nauyi sau ɗaruruwa.

Mu ƙara da namu matsalolin da Bature bai lissafa ba. Zafin Afrilu a Shinkafi yakan haura digiri 40, sinadaran garkuwa kuwa zafi yana lalata su. Ƙurar hunturu da ke shiga har cikin akwatin da aka kulle, ƙwayarta ɗaya ta fi bairos nauyi nesa ba kusa ba. In kuma na'ura ta lalace, wa zai gyara? Mun sha ganin injuna masu tsada da aka kawo da kiɗa da guɗa, suna kwance a lungun asibiti an lulluɓe su da zane, don wani ɗan ƙarfe da babu mai shi a ƙasar.

Nan ne abokan gardamarmu ke cewa, to tunda haka ne a bar zancen, a fara gyara rijiya da hanya da wuta, in an ƙoshi a yi zancen sikeli. Mun yarda da rabin maganarsu. Babu na'urar da za ta maye gurbin ruwa mai tsabta da rigakafi da tsaro, kuma abin kunya ne a ce ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta zama ginshiƙin kula da yara a manyan asibitocin Shinkafi da Zurmi, alhali muna da gwamnati. Inda muka rabu da su shi ne zaton cewa ilmi yana jiran wanda ya shirya. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, ya kwashi gyaɗa da auduga shekara da shekaru, amma da yake ba mu muka ƙera shi ba, ba mu kuma koyi riƙe shi ba, da masu shi suka yi sakaci sai ciyawa ta cinye layin muna kallo. Idan muka naɗe hannu har aka gama ƙera wannan sikeli a Amurka da Faransa, to za a ƙera shi ne daidai da sanyin ɗakunansu da cututtukan da suka dame su, mu kuma a sayar mana da shi yadda aka ga dama. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na farko, gwamnatin jiha da Hukumar NCDC su cika abin da ya riga ya samu kafin a jira wanda bai zo ba. Lokacin da cutar korona ta shigo Nijeriya a ranar 27 ga Fabrairu, 2020, ɗakunan da ke iya gwada ta ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, amma da hankalin manya ya tashi sai ga su sun yaɗu jiha-jiha, har aka juya injunan GeneXpert na gwajin tarin fuka suka shiga aikin. Ashe in an so ana iyawa. Muna so a yi wa ƙyanda da shawara da sanƙarau irin wannan hoɓɓasa, a sami ɗakin gwaji mai wutar hasken rana a Ƙauran Namoda, tunda nan ce mahaɗar hanyoyin Shinkafi da Zurmi, don samfur ya daina kwana a hanya.

Na biyu, makarantunmu su shiga wannan fage tun yanzu. Ba mu ce a sassaƙa harshen silikon a Ƙaura gobe ba, wannan yana bukatar masana'anta ta musamman. Amma kakan wannan na'ura, watau sikelin ƙanƙarar kwaz na Sauerbrey, abu ne da ɗalibin injiniya zai iya haɗa da'irar lantarkinsa a kan tebur. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tana nan tun 1983, ga Jami'ar Tarayya ta Gusau, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga Jami'ar Ahmadu Bello. Maimakon ɗalibin shekarar ƙarshe ya kwafi aikin da aka yi sau ɗari don neman maki, me zai hana a ba shi tambayar da ta shafi garinsu, kamar yadda za a kare irin wannan na'ura daga ƙura, ko tsawon kwanakin da shafar garkuwa za ta jure zafin bazara? Waɗannan tambayoyi ne na gaske, kuma mu ne muka fi kowa dacewa da amsa su.

Na uku, in ranar gwaji a kan mutane ta zo, a yi shi da mutunci. Ba mu manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a tsakiyar annobar sanƙarau, a binciken da ya haɗa yara 200, inda 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musanta laifi, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Rashin yardar da irin wannan ya shuka yana cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna a 2003, yara da yawa suka gurgunce a dalilin haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk wanda zai kawo sabuwar na'ura ƙauyukanmu ya bi ta hannun sarakuna da malamai, ya yi bayani da Hausar da tsohuwa za ta gane, ya nemi izini, ya kuma dawo ya faɗi sakamako.

Na huɗu naku ne, yayyenmu da kuka fara aikin gwamnati. Sikeli zai iya faɗin sunan cuta cikin minti kaɗan, amma in rahoton ya kwana wata guda a kan teburin wani jami'i don tsoron kada a ce an ɓata sunan ƙaramar hukuma, to an yi aikin banza. Takardar da ta zo hannunku daga asibitin ƙauye, ku tura ta a ranar.

Akwai wani abu da ya ba mu sha'awa da muka bi diddigin awon Purdue. Ƙwayar da suka ɗora a kan sikelinsu, wadda ake kira baksiniya, ita ce dai wadda aka yi amfani da ita wajen yi wa kakanninmu lambar agana, tabon nan da har yau muke gani a damtsen tsofaffinmu. Agana kuwa ba da na'ura aka ci ƙarfinta ba. A ƙasar nan, a gabashin Nijeriya, a 1966 da 1967, likita William Foege da abokan aikinsa suka ga allurar da ke hannunsu ba za ta isa kowa ba, sai suka dogara ga saurin labari, duk ƙauyen da aka ji ta ɓulla a garzaya a yi wa na kewaye da majinyacin lamba. Wannan dabara ta bazu duniya, aka ga ƙarshen agana a Nijeriya a 1970, aka kuma sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. Ita agana tana rubuta sunanta a fuskar mutum, kowa ya gani ya gane. Cututtukan da suka rage mana ɓoye suke a cikin zazzaɓi mai kama da juna, shi ya sa muke bukatar idon da ya fi namu gani, da kuma mutanen da za su ɗauki labarin da gudu.

Muna roƙon Ƙungiyar Ɗalibai ta shirya zama na musamman a wannan zango, ta gayyato malaman kimiyyar lissafi da na likitanci da ɗaliban arewacin Zamfara, a tattauna wannan batu a fito da takarda da za a miƙa wa Ma'aikatar Lafiya a Gusau. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a 2017, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kuma sa ilmin da muke nema ya amfani waɗanda suka sayar da gero da awaki suka turo mu nan. Amin.